Kwalbar da Ba a Faɗa wa Likita

A layinmu akwai wani tela da muka taso tare, gidansu na kallon namu. Shekara bakwai ke nan da likitoci suka tabbatar yana da ciwon nan da ke sa yanayin ran mutum ya yi ta hawa da sauka, wanda suke kira baifola. In yana shan maganinsa ba ka iya bambanta shi da kowa, hasali ma babu mai kama ƙafarsa a ɗinkin kaftani a unguwar. Bara, ana saura kwana goma Babbar Sallah, aiki ya yi masa yawa har ya koma kwana a shago. Wani dare ya shigo gida, matarsa ta ce masa tuwon ya huce, bari ta ɗumama. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ya ɗauki dutsen guga ya maka wa bango, ya fasa madubi, ya yi ta zage-zage har maƙwabta suka fito. Ƙaramar 'yarsa a gidanmu ta kwana, tana ta ajiyar zuciya cikin barci.

Washegari ni na kai su asibiti. Likita ya duba katinsa, ya tambayi barci, ya tambayi magani, sannan ya juya ga mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, yana shan wani abu?"

"A'uzu billahi, likita! Ɗana ko taba ba ya sha. Ciwon ne dai ya taso masa."

Matar tana gefe, kanta a sunkuye, tana murza bakin hijabinta. Sai da muka fito za mu karɓi magani ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya, don Allah ka roƙa mini likitan ya ba ni minti biyu ni kaɗai." Daga baya ta gaya mini abin da ta yi a ciki. Jakarta ta zazzage masa a kan tebur: ƙananan ledojin giya wajen ashirin, duk an fasa bakinsu da haƙori. A ƙarƙashin keken ɗinkinsa ta tsinto su. Nan take likitan ya soke ƙarin maganin da ya riga ya rubuta, ya sake lale.

Tun ranar nake juya wannan al'amari a raina. A wajenmu in mai taɓin hankali ya yi fushi, hukunci ɗaya ne: haukarsa ta motsa, ko iskokinsa sun tashi. Da wuya ka ji an tambayi abin da ya shiga cikinsa a daren. Mun mai da taɓin hankali abin kunya, giya kuma dama abin kunya ce, to in suka haɗu a kan mutum ɗaya sai gida ya zaɓi wanda ya fi sauƙin furtawa. Ciwo ƙaddara ne, ana iya faɗarsa. Kwalba laifi ce, sai a binne ta. Ta haka ciwon ke ɗaukar nauyin da rabinsa ba nasa ba ne, likita kuma ya yi ta ƙara magani a kan labarin da aka gutsure masa.

Kada wani ya ce mini ai babu giya a arewa. Tun da jihohi suka koma aiki da shari'a, daga Zamfara a 1999 zuwa Kano a 2000, Hisbah na fasa dubban kwalabe a bainar jama'a, amma shan bai mutu ba, ɓuya ya yi. Ya koma cikin ledar da ke shiga aljihun wando, irin wadda hukumar NAFDAC ta sanar da haramta ta a 2024 tare da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Ga burukutu a ƙauyuka, ga ogogoro, ga goskolo da ya addabi matasan Jos. Mai sha ya tauna kanumfari ko goro ya shiga sahun jama'a, babu wanda ya sani sai matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Me giya ke yi wa ƙwaƙwalwa har kalma kamar "tuwon ya huce" ta zama abin fasa madubi?

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna magana da juna ne ta hanyar sinadarai, kuma biyu daga cikinsu su ne manya. Ɗaya ana ce masa GABA, shi ne birki, aikinsa kwantar da jijiyoyi. Ɗayan gulutamet, shi ne totur. Giya na ƙara wa birkin ƙarfi, ta rage wa totur. Shi ya sa harshen mai maye ke nauyi, ƙafarsa ta riƙa harɗewa. Mutum zai zaci abin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa zai kwantar da fushi. Inda gizo ke saƙar shi ne ba dukan sassan ƙwaƙwalwa ke kwanciya lokaci guda ba. Wanda ke saurin kwanciya shi ne na gaba, wanda ke bayan goshi, kuma shi ne dattijon gidan. Shi ke cewa bari, yi haƙuri, duba yaran suna kallo, gobe za ka yi nadama. In giya ta sa dattijon nan gyangyaɗi, sassan can ciki da ke jin tsoro da zafin rai suna nan a farke, babu mai tsawata musu.

Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Claude Steele da Robert Josephs, sun yi wa wannan bayani mai kyau a 1990. Suka ce giya na taƙaita ganin hankali: mai maye ba ya iya riƙe abubuwa da yawa a ransa lokaci ɗaya, abin da ya fi fitowa fili a gabansa kaɗai yake gani. Mai cikakken hankali in matarsa ta ce tuwo ya huce, yana jin kalmar, yana ganin gajiyar fuskarta, yana tuna ita ta jira shi har sha biyun dare. Mai maye kalmar kawai ta rage masa, ita ma da fassara mafi muni: gori take yi mini, raina ni ta yi. Har fuskokin mutane yakan kasa karantawa daidai, wanda ya dube shi da damuwa sai ya ga harara.

An gwada wannan a ɗakin bincike. Peter Giancola na Jami'ar Kentaki ya daɗe yana ba mutane giya, ya sa su gasa da wani abokin hamayya da ba sa gani, wanda ya ci ya ɗana wa ɗan'uwansa ɗan wutar lantarki gwargwadon yadda ya ga dama. Abin da ya riƙa fitowa shi ne giya ba ta mai da kowa mugu. Waɗanda suka fi zafafawa su ne masu saurin fushi tun asali da waɗanda dama ikonsu na kame kai yake da rauni. A wani gwaji da aka buga a 2007 kuma, da aka ɗauke hankalin masu mayen da wani aikin tunani a tsakiyar gasar, sai zafinsu ya sauka har ƙasa da na waɗanda ba su sha ba. Wato hankalin mai maye ɗaki ne ƙarami, abu ɗaya yake ɗauka. In tsokana ce a ciki, ita za ta cika shi. In wani abu ne daban, tsokanar ba ta samun wurin zama. Zan dawo kan wannan, don yana da amfani ga matar da ke tsaye ita kaɗai a ɗaki da ƙarfe ɗayan dare.

To yanzu ɗora wannan a kan mutumin da ciwo ya riga ya gajiyar da dattijon gidansa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Amma abin da mutane suka fi jahilta shi ne fushin giya ba ya ƙarewa da maye. Lokacin da take hawa a jini tana sakin dofamin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa, mutum ya ji daɗi, bakinsa ya buɗe, damuwa ta ja da baya. Wannan ɗan lokacin shi mai ciwon damuwa ke saye da kuɗinsa, kuma ba na zarginsa da wauta, don sauƙin da yake ji na gaske ne. Hanta na ƙone giya a hankali, kusan giram goma a awa, ƙwaƙwalwa kuwa tun tana cikin maye ta fara kokawar mayar da ma'auni: ta sassauta birki, ta ƙara totur. Da giyar ta sake shi, sai a bar shi da birki mai rauni da totur a take. Zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, ƙarar cokali a kwano ta zama kamar ana buga masa guduma a ka. Fargabar da ya sha don ya kore ta ta dawo da 'yan rakiya. Matan da ke zaune da masu sha sun san wannan sarai, da yawansu safiyar suka fi tsoro a kan daren.

Ga kuma barci. Giya na sa mutum ya yi saurin faɗawa barci, shi ya sa masu fama da rashinsa ke ɗaukarta magani. Sai dai tana danne matakin barcin da ake mafarki a cikinsa a farkon dare, can wajen asuba kuma ta farkar da mutum, ya yi ta juyi da munanan mafarkai. Ga mai lafiya wannan gajiyar yini ɗaya ce. Ga mai baifola kuwa, rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da hawan ciwon. Telanmu a nan ya faɗa. Ɗinkin Sallah ya hana shi barci, rashin barci ya fara ɗaga shi, ya ji kansa na gudu ya kasa tsayar da shi, ya nemi leda don ta kwantar da shi, ledar ta ƙara lalata barcin. Mutane sun ɗauka hawan baifola farin ciki ne da kyauta da surutu kawai. Sau da yawa da zafin rai yake zuwa: mutum ya ji shi ya fi kowa sani, kowa na ɓata masa lokaci, duk wanda ya ce masa a'a maƙiyi ne. Zuba wa wannan giya kamar zuba wa garwashi kananzir ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum sama da 20,000, aka buga a 1990, ya nuna kashi 46 cikin ɗari na masu baifola mai tsanani sun taɓa faɗawa matsalar giya a rayuwarsu, masu sikizofiriniya, ciwon da ke sa jin muryoyi da yawan zargi, kashi 34, alhali a cikin jama'a gaba ɗaya kusan kashi 14 ne. Alƙaluman Amurka ne, ba namu ba, amma sun nuna inda ciwon ke jan mai shi in ya samu hanya.

Ciwon damuwa, wanda ke sa mutum ya yanke ƙauna ya daina jin daɗin komai, nasa labarin ya fi sarƙewa, don da wuya a gane wanda ya riga wani. Wani damuwar ce ta kai shi ga kwalba, wani kwalbar ce ta haifa masa damuwar. Sandra Brown da Marc Schuckit sun bi wasu maza da aka kwantar a asibiti saboda giya, a binciken da suka buga a 1988. Ranar shiga, kashi 42 cikin ɗari na da alamun damuwa mai tsanani. Bayan mako huɗu babu sha, kashi 6 kacal suka rage a haka. Wannan ne ya sa likitan ƙwarai ke son ganin mutum bayan ya yi makonni babu giya kafin ya yanke hukunci a kan ainihin ciwonsa, kuma shi ya sa ɓoye masa shan ke kai shi ga bugun iska. Sannan a san cewa damuwar namiji ba kullum take zuwa da kuka ba. An raine mu a kan namiji ba ya hawaye, don haka takan fito ta ƙofar tsawa da hantara. Mafi muni kuma, fushin mai damuwa kan juya ya koma kansa. Mutumin da ya yi watanni yana tunanin mutuwa, imaninsa da 'ya'yansa na riƙe shi, maye na iya kwance wannan riƙon cikin awa ɗaya. Da aka tattara bincike da dama a 2017, an ga haɗarin yunƙurin kashe kai na ninkawa kusan sau bakwai jim kaɗan bayan shan giya. Gidan da ke da mai damuwa kuma mai sha bai kamata a bar fiya-fiya ko tarin ƙwayoyin magani a inda hannunsa zai kai ba.

Mai sikizofiriniya, wanda ke jin muryoyi ko yake zargin ana ƙulla masa sharri, yakan sha don muryoyin su yi shiru. Sukan lafa na ɗan lokaci, su dawo da ƙarfi. Zargin da dā yake iya yi wa gardama a ransa, cikin maye ya zama yaƙini. Giya ita kanta, in an daɗe ana sha, tana iya jawo jin muryoyi ga wanda bai taɓa yin ciwon ba, tana kuma da alaƙa da wani irin mugun kishi, inda miji zai tabbatar wa kansa matarsa na cin amanarsa babu hujja ko ɗaya, ya riƙa binciken wayarta, yana ƙirga mintocin da ta yi a gidan biki. Wannan nau'in yana da haɗari ƙwarai ga matar, kuma ba abin da za a ce mata ta yi haƙuri ta koma ɗakinta ba ne kafin a yi masa magani.

Akwai kuma waɗanda tashin hankali ya bar wa tabo a zuci, kuma muna da su da yawa yanzu: wanda ya tsira daga Boko Haram a Borno, wanda ya kwana a dajin Zamfara a hannun 'yan bindiga, sojan da ya dawo daga fagen daga. Jikinsu kullum a shirye yake kamar harin bai ƙare ba. In ya sha don ya samu barci, ƙofar da iska ta buga na iya mai da shi wancan daren, ya kai hannu kafin ya gane ɗansa ne ya shigo.

A nan dole in tsaya in kare masu ciwon, don kada wani ya karanta wannan ya ƙara tsoronsu. Yawancin masu taɓin hankali ba su taɓa cutar da kowa ba, su ne ma aka fi cuta, a doke su, a yi musu fyaɗe, yara su jefe su a titi. Wani bincike da aka fi sani da sunan MacArthur ya bi mutanen da aka sallama daga asibitocin ƙwaƙwalwa a birane uku na Amurka, aka buga sakamakon a 1998. Waɗanda ba sa shaye-shaye ba su fi maƙwabtansu na unguwa ɗaya tayar da hankali ba. Seena Fazel na Jami'ar Oksfod da abokan aikinsa sun duba bayanan masu sikizofiriniya kimanin 8,000 a ƙasar Suwidin, suka buga a 2009. A cikin jama'a, kusan kashi 5 cikin ɗari ne aka taɓa samu da laifin cin zarafi. A cikin masu ciwon da ba sa shaye-shaye, kashi 8 da rabi. A cikin masu ciwon da ke shaye-shaye, sama da kashi 27. Ciwon na ƙara haɗari kaɗan, ba na musun haka. Amma babban tsallen daga shaye-shayen yake zuwa, kuma shi ne abin da muke rufewa.

Magani ma yana shan wahala a hannun giya. Yawancin magungunan ƙwaƙwalwa dama suna sa kasala, irin su Largactil da amitiriftilin, in suka haɗu da giya sai jiri da faɗuwa. Diyazefam, wanda 'yan ƙwaya ke kira D5, hanyarsu ɗaya da giya a ƙwaƙwalwa, haɗa su na iya danne numfashi har lahira. Taramol da giya na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai shan litiyom, maganin da ake ba masu baifola, in ya yi amai jikinsa ya bushe, maganin na iya taruwa a jininsa ya zama guba. Balfurowet kuma, wani maganin baifolan, hanta ce ke sarrafa shi, ita ce dai giyar ke ci. Amma ɓarnar da ta fi yawa mai sauƙi ce: mutum ya ji an ce ba a haɗa magani da giya, sai ya ajiye maganin ranar da zai sha. Yau ya tsallake, jibi ya tsallake, kafin wata ya cika ciwon ya dawo, gida kuma ya ce maganin asibiti ba ya aiki, a nufi wajen mai magani.

Wani abin da ke ƙona ran iyali shi ne mutum ya tashi da safe ya rantse bai san ya fasa komai ba. Telanmu haka ya yi, yayansa ya kusa marinsa don rainin hankali. Sau da yawa gaskiya suke faɗa. In giya ta hau jini da sauri, sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abu yakan daina rubutawa, mutum yana tafiya yana magana amma babu abin da ke zauna masa. Wannan ba ya wanke shi daga abin da ya aikata, madubin dai ya fashe, yarinyar ta tsorata. Sai dai alama ce cewa shan ya kai wani mataki, kuma ya kamata likita ya ji ta.

In gida ya gano, abin da ya fi saurin zuwa wa mutane shi ne a kulle shi a ɗaki har ta fita daga jikinsa, ko a kai shi gidan mari. Ga wanda ya daɗe yana sha kullum, wannan na iya zama ajalinsa. Ƙwaƙwalwar da ta saba da giya ta riga ta take totur don ta daidaita, in aka janye giyar rana ɗaya sai ta ƙwace. Cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki da zufa da fargaba su fara. A kwana na farko ko na biyu jijjiga na iya zuwa. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani, su riƙa ganin ƙwari da macizai a bango, zazzaɓi ya rufe su, su yi ta dambe da masu riƙe su. Mai kallo zai rantse aljanu ne. Wannan yanayin yana kisa in ba a kula ba, alhali a asibiti ana sauke mutum a hankali da magani da ƙarin ruwa da bitamin B1. Kuma duk lokacin da aka maimaita irin wannan yankewar ta ƙarfi, ta gaba takan fi muni. Haka ma wanda ya ajiye kwalba dare ɗaya don shigowar azumi, in a kwanakin farko aka ga yana rawa yana hasala fiye da kima, kada a ɗora wa yunwa. Mun ga abin da ke bayan ƙofofin gidajen mari a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai su ba ƙin su suke yi ba, rasa yadda za su yi suka yi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 ma sai a Janairun 2023 aka sa mata hannu. Duk da haka akwai asibitoci a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. A can ana iya kula da ciwon da shan tare, kuma haka ya dace, don in aka ce sai ya daina sha tukuna a duba ciwon, ciwon ne zai mai da shi ga shan.

Dare kuwa, in ya shigo a buge yana neman faɗa, ba lokacin wa'azi ko tuhuma ba ne. Duk kalmar da aka faɗa ita za ta cika ɗan ɗakin da ya rage masa a ka. A sassauta murya, kada a taru a kansa, kada a tare masa ƙofa, a karkatar da hankalinsa ga wani abu, ko ruwa, ko abinci, ko wani zance da yake so. A kawar da wuƙa da taɓarya da makullin babur. In abin ya fi ƙarfi, matar ta kwashi yara ta fita, babu abin kunya a ciki. In ya faɗi barci a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Magana sai rana ta yi, ya ci abinci, jikinsa ya daidaita, kuma a bakin wanda yake jin nauyinsa.

Na san abin da ke hana mu faɗa. Giya haramun ce, kuma Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya ambaci gaba da ƙiyayya a cikin abin da Shaiɗan ke jefawa tsakanin mutane ta hanyarta. Babu mai neman a sassauta wannan. Amma a cikin Bukhari akwai mutumin da aka kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha giya, aka hukunta shi, da wani ya yi masa mugun baki sai Annabi ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kansa. Uwar da ta rantse wa likita ɗanta ko taba ba ya sha, mutuncinsa take karewa, kuma na fahimce ta. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, likita kuma amanar sirri na wuyansa.

Telanmu ya yi kwana tara a asibiti. Sallar bara wasu ne suka ƙarasa ɗinkunan da ya karɓa, ya yi asarar masu kawo masa aiki da dama. Sau ɗaya ya koma wa ledar bayan wata huɗu, da bakinsa ya gaya wa likita a ranar ganinsa ta gaba. Yanzu yana rufe shago ƙarfe tara komai yawan aiki, ya ɗauki yaro mai taya shi, kuma in Sallah ta matso ba ya karɓar fiye da abin da zai gama da rana. Mahaifiyarsa ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwar surukarta, tana cewa ta tona wa ɗanta asiri. Ranar da za a koma asibiti a watan jiya, ita ta aiko jikarta ta ce a gaya wa matar ta shirya, tare za su tafi.